Ranar da Na Ƙi Sauka Daga Kan Jaki

Shekarata uku a elementare, kuma ina so a riƙe wannan tun daga farko, domin a ƙauyenmu Bauranya a wancan zamani mai shekara uku a aji ba ƙaramin mutum ba ne. Na iya rubuta sunana, na iya karanta abin da ke jikin buhun gishiri. Da malamai suka ga ilmi ya ishe ni, sai suka roƙe ni in koma gona, ni kuwa ba na ƙin roƙon manya.

A lokacin akwai wata al'ada da yaran yanzu ba su tarar ba. In Bature ya fito rangadi, yana zaga ƙauyuka bisa doki, ka gamu da shi a hanya, to in kana kan jaki sai ka sauka, in da takalmi ka tuɓe, ka durƙusa gefen hanya ka ce, "Zaki!" Wanda ya yi nawa, dogarin da ke gaba yana riƙe da bulala don taimaka masa. Na yi wannan durƙuso ba adadi ban ga aibinsa ba, sai ranar da na tsaya a tashar mota ta Kankia na ji wani mai tabarau yana bayanin 'yanci. Rabin maganar na gane. Rabin ya ishe ni.

Ina komowa gida, bayan la'asar, na miƙe tsaye a gindin tsamiyar da mazan unguwarmu ke zama, na rantse da Allah ba zan ƙara sauka daga kan jaki don wani Bature ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, gemu ya fara tsiro, komai na faɗa daɗi yake yi mini a kunne.

Kafin magariba labari ya kai wa kakata, mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya. Daddawa take yi tana kaiwa kasuwar Kankia, kuma tun ina rarrafe take kirana mijinta, kamar yadda kakanni ke yi.

Ta ce, "Maigidana, an ce ka yi rantsuwa."

Na ce, "Na yi, tsohuwa. 'Yanci ya zo."

"Gidan wa ya sauka? In aika mishi da hura."

Na yi mata bayani kamar yadda mai tabarau ya yi, har da ɗaga yatsa. Ta saurara tana mulmula daddawa, sannan ta ce, "To ka sani dai, in ka zauna bisa jaki bulala ce, in ka sauka azumi ukku ne na kaffara. Kai da ko a watan azumi sai an sa mai gadin randa."

Sai a lokacin na ga girman ramin da na haƙa wa kaina. Amma ilmi bai bar ni ba. Na yi nazari, na gano cewa wanda bai hau ba, ba za a ce ya sauka ba. Daga ranar, da na ji ƙishin-ƙishin Bature ya fito rangadi, ko da a wata gunduma ce, sai in kama igiyar jaki in ja shi a ƙasa. Tun ina yi sai an ji labari, har na koma yi kullum, don labari yakan makara. Wata huɗu ina tafiya a ƙasa. Ni na rame, jaki ya yi wuya, gashinsa har sheƙi yake. Iya ta dube shi wata safiya ta ce, "Wanga 'yanci naku, jaki ya riga ku samu."

Ta daɗe tana roƙona in riƙa kai mata daddawa kasuwa, ina ƙi, don a ganina ɗan boko ba ya yawo da warin daddawa. Ranar da abin ya faru babana ne ya sa baki, ba yadda zan yi. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsawo har ta rufe mai doki. Muna komowa na taka wata ƙaya, ta shige mini tafin ƙafar hagu. Iya ta zaunar da ni ta cire ta da tsinke, ta yagi tsumma ta naɗe ƙafar, ta ce, "Hau jakinka, kar ka mutu in shiga takaba." Tun a kasuwa na tambaya, an tabbatar mini Bature yana can nesa. Na hau, na saki ƙafafu bisa mangala, buhunan nan biyu da ake rataya wa jaki hagu da dama.

Ba mu yi nisa ba hanya ta karya kwana cikin dawa, sai ga dogari, ga Bature bisa doki a bayansa, ga 'yan dako ɗauke da akwatuna.

Yanzu na tsufa, ba ni da sauran abin karewa. Wallahi ko tuna rantsuwa ban yi ba. Nan take na yunƙura zan diro. Ashe tsumman ƙafata ya sarƙe da igiyar mangala. Na fizga, ƙulli ya ƙara tamkewa. Na sake fizga, ciwon ƙaya ya harba mini har ƙwaƙwalwa, na cije haƙora, idanuna suka yi ja.

Dogari ya daka tsawa, "Kai! Sauka!"

Bakina ya bushe, ko "Zaki" ta ƙi fita. Ina zaune ƙyam, ina huci, ina zare ido. Ya zuba mini bulala ɗaya a gadon baya. Zai ƙara, Bature, wanda rana ta gasa har ya yi kamar gauta ja, ya yi masa alama da hannu a wuce. Suka bi ta damana suka shige. Cikin 'yan dakon akwai mutanen ƙauyukanmu da aka ɗebo, kuma abin da suka gani shi ne saurayi zaune bisa jaki yana harar Bature.

Iya kuwa ta hagu ta durƙusa, hancinta dab da ƙafata. Da suka ɓace ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta sa yatsa biyu ta warware ƙullin. Sannan ta ɗan rusuna mini ta ce, "Zaki."

Kafin kwana uku labari ya kai Kusada, ya kai Fakuwa. A gindin tsamiya aka riƙa ɗaga mini riga ana duba shatin bulala. Dattawan da ba su taɓa amsa gaisuwata da kyau ba suka fara matsa mini wuri a tabarma. Ban ce na yi ba, amma kuma ban ce ban yi ba.

Ranar kasuwa ta kewayo, Iya ta leƙo ɗakina da sassafe. "Jarumi, a ɗaura wa jaki mangala. Gwiwata na ciwo, yau ni za ni hau." Na buɗe baki, ta dubi ƙafata ta hagu. Na rufe.

Haka muka yi shekara biyu. Tana bisa, ina ƙasa, warin daddawa ya kama rigata har sabulu ya sallama. Wata rana na gaji na ce, "Tsohuwa, wannan ai bauta ce."

Ta ce, "Mi na ɗaure ka da shi? Ni na durƙusa, na tashi, na zo gida na ci tuwona. Kai da ka zauna bisa jaki, ga ka nan kana ja. Tahi gindin tsamiya ka hwaɗi yadda aka yi, in koma tahiya da ƙahwata."

Sai da na yi sati uku ina tara ƙarfin hali, wanda ya fi na ranar Bature nesa ba kusa ba. Na je bayan la'asar, na miƙe a daidai inda na yi rantsuwa, na faɗi komai: ƙaya, tsumma, igiya, har bushewar baki. Can wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Ku ji yaron nan. Ga jarumta, ga tawali'u." Kowa ya ce haka ne. Har yau akwai jikokinsu da ke nuna ni da baki in na wuce.

Na koma na gaya wa Iya. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "To ai ka hwaɗi. Na sake ka, maigida, je ka nemi wata."

Ranar kasuwa ta fito da ƙwaryarta a ka, ta tarar na riga na ɗaura mangala, ina riƙe da igiya a ƙofar gida. Ta tsaya tana dubana.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

Ta miƙo mini ƙwaryar. "To riƙe da kyau. Kuma ka bi da ni ta inda ba ƙaya."