Jitar Yayana da Man Shanun Inna

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Rabah, na je hutu gida can ƙasar Wurno. Na shiga ɗakin mahaifiyata zan gaishe ta, ban ma gama durƙusawa ba na ga kiyashi sun ja layi a jikin bango. Na bi layin da ido har ya kai ni kan jitar yayana da ke rataye a ƙusa. Shiga suke yi ta ramin cikinta suna fitowa, hankalinsu kwance kamar gidan ubansu.

Yayan nan nawa shi ne ɗan fari a wurin Inna. Noman albasa yake yi da rani a Goronyo, a gonakin da ke shan ruwan madatsa, kuma a can ya sayi jitar hannun wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki. Shi ya koya mini ɗan abin da na iya. Wata shekara, bayan an kwashe albasa, ya kwanta ciwo na ɗan lokaci, Allah ya yi masa rasuwa.

Kun dai san kunyar ɗan fari a wurin iyayenmu mata. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunansa ba, "wancan" take cewa. In ya gaishe ta, tana amsawa tana duban wani wuri. In ya zauna tsakar gida yana kaɗa jita, sai ta ɗaga murya daga madafa ta ce, "Ku ce ma wancan ya hita da tarkacenai waje, kaina na ciwo." Amma da aka zo rabon kayansa, ba ta ce komai a kan komai ba, sai jitar kawai ta ɗauka ta kai ɗakinta. Ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarta dalili.

Na sauko da jitar, hannuna ya kusa sulɓewa. Maiƙo ne tun daga kai har gindi. Tsirkiyoyin sun yi baƙi sun yi danƙo, na taɓa ɗaya ta yi wani sauti kamar an bugi katifa.

Na ce, "Inna, mi anka shahwa ma wagga jita?"

Ta ce, "Man shanu na."

"Man shanu? Wa ya shahwa?"

"Ni. Kowace Juma'a." Ta ci gaba da tsince wakenta. "Icce na. Icce in bai sha mai ba tsagewa shikai. Ka taɓa ganin akushina ya tsage?"

Gaskiya ban taɓa gani ba. Haka take yi wa akushi da muciya da duk wani abin fata a gidan, kuma suna nan lafiya tun kafin a haife ni. Sai dai jita ba akushi ba ce. Na yi ta bayani, ni malamin makaranta, cewa man girki yana lalacewa ya yi wari, yana kiran ƙwari, yana iya ratsa gam ɗin da ya riƙe katakon. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce in miƙo mata faifai.

Ni kuwa haka Allah ya yi ni, in abu ya shiga raina zama ba ya yiwuwa. Na fita zaure na dawo, na je masallaci na dawo, duk inda na zauna kiyashin nan nake gani. Abu ɗaya da ya rage mana na yayana wanda yake da murya, ga shi yana mutuwa a kan ƙusa. Na dame ta da magiya har ta gaji.

Ta ce, "Tahi da ita ka huta, ka bar ni in huta. Amma ka maido min ita yadda take."

Na ce to da sauri, ban tsaya na auna maganar ba.

Matsalar ita ce ban san abin da ake goge jita da shi ba. Na duba a waya, wannan ya ce kaza, wancan ya ce duk wanda ya yi kaza ya kashe jitarsa, kuma duk kwalaben da suke nunawa ba wanda na taɓa gani a kasuwarmu. Sai na naɗe ta a zane na hau mota zuwa Achida, wurin wani abokina kafinta.

Kafin in gama kwance zanen, shagon ya cika da masana. Abokina ya ce man da ake fesa wa kujeru shi ne magani, zai sa ta yi ƙyalli har in ga fuskata. Bakanike maƙwabcinsa ya ce ba abin da ke cin maiƙo kamar fetur. Mai kemis ya ce sifirit. Wani tela ya kawo man keken ɗinki, wani mai wucewa da ba wanda ya tambaye shi ya ce omo da ruwan zafi. Ni kuma don kada in yi asarar shawara, na bi kasuwa na saye kusan duka, na dawo da leda tana ƙara kamar mai tallan turare.

Allah ya taimake ni na fara gwadawa a bayan jitar, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Na ɗiga sifirit a auduga na goga. Maiƙon ya tafi, amma ya tafi da ƙyallin fentin, ya bar wani farin tabo kamar tambarin babban yatsa. Maganar Inna ta dawo mini, yadda take, yadda take. Na tofa yawu na murza da bakin rigata, tabon yana nan.

Abokina ya leƙo ya ce, "Ai Inna ba ta gani, baya na."

Na ce, "Matar da ka shahwa ta kowace Juma'a? Ta hi ni sanin bayanta."

Na tura ledar nan ƙarƙashin benci, ban sake taɓa ko kwalba ɗaya ba. Na zauna, na tashi, na zagaya shagon, har abokina ya ce in ba zan riƙe masa katako ba in fita in ba shi wuri. A nan tunani ya zo mini: shi mai jitar, da me yake goge ta? Shekara da shekaru tana hannunsa ban taɓa ganin ta da datti ba.

Washegari na wuce Goronyo neman amininsa, wanda gonarsu take haɗe. Na same shi yana gyaran kwamin albasa, laka har gwiwa. Da ya ga abin da ke cikin zanen sai ya ajiye fartanya, ya wanke hannuwansa a ruwan da ke bin gona, ya shanya su a iska kafin ya karɓa.

Ya ce, "Haka shika sa mu yi. Ba ka taɓa ta da hannun albasa."

Na tambaye shi wane mai marigayin yake saya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wane mai? Wata tsohuwar singileti ta, ta yi laushi don wanki. In ya ƙare kiɗi sai ya share tsirkiya ɗaya ɗaya, ya share wuya, ya mai da ta jaka. Tsirkiya kaɗai shika tahiya Sakkwato saye." Ya kwatanta mini shagon. Sai ya kai jitar hanci, ya dube ni, ya daina dariyar. Ban tambaye shi dalili ba, hankalina yana kan motar Sakkwato.

A Sakkwato, mai shagon kayan kiɗan ya juya ta gaba da baya ya ce, "Malam, miya kunka yi da ita?" Na ba shi labari a taƙaice. Ya ce katakon bai mutu ba, gam ɗin ma bai saki ba tukuna, amma da an ƙara damina ɗaya a haka sai dai labari. Ya haɗa mini abu kaɗan: sababbin tsirkiyoyi, ƙyalle mai laushi, man laita, irin wanda ake ɗura wa abin kunna wuta, da zan riƙa ɗigawa a ƙyallen don ɗauke maiƙo, da wata 'yar kwalbar mai marar nauyi na wuyan jita, ya ce ɗigo kaɗan ya isa shekara. Man kujeru da fetur da duk wani man da ake ci, ya ce kada su ƙara kusantar ta. Tabon sifirit kuwa sai haƙuri.

Ya cire maratayin, wata igiyar fata ce da yayana ya sa baduku ya yi masa, ta sha mai har ta yi baƙi. Ya ce wannan ita ke kiran kiyashi, in jefar in sayi ta roba. Na sayi ta robar, amma hannuna ya ƙi jefar da tsohuwar. Na ƙulle ta a leda na cusa a jaka.

A shagon abokina na yi aikin. Ina gogewa ƙyalle yana yin rawaya, ina canja wani, tsakanin ƙarafan wuyan har da tsinken sakace na bi. Sannu a hankali launin katakon ya fito, har da wurin da yatsun yayana suka cinye. Da na ɗaura sababbin tsirkiyoyi na daidaita su, na kaɗa sau ɗaya, bakanike ya ajiye sifana ya leƙo. Muryar ta dawo garau. Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba, kuma ban ɓoye ba, na ji kaina wani gwani.

Na isa gida ranar Alhamis da la'asar, na miƙa wa Inna ina jiran yabo. Ta karɓa ta shafa gaba, ta shafa baya, yatsanta ya tsaya daidai kan tabon, ta wuce. Sannan ta kai ta hanci, kamar yadda aminin yayana ya yi.

Ta ce, "Ta yi kyau. Ta wa ta?"

Na ce, "Inna, ita ta dai."

Ta ce, "To," ta tashi ta rataye ta.

Na gaya mata, da murya ƙasa ƙasa, cewa ba a ƙara sa mata man shanu. Ta ce ta ji.

Da safiyar Juma'a na fito na gan ta zaune bakin ƙofa, ƙoƙon man shanu a gefenta. Ta shafe akushi, ta shafe muciya, ta gama. Man da ya rage yana yatsunta, tana murza shi a tafin hannu tana duban cikin ɗaki. Ba ta kuka, ba ta fushi, zaune kawai take. A nan na gane abin da na yi alkawari ban sani ba. Matar da al'ada ta hana ta riƙe ɗanta a gaban mutane, ta hana ta kiran sunansa, ta samu abu guda nasa da za ta ɗora a cinya ta shafa ba mai cewa ta yi rashin kunya. Ni kuma na je na goge shi tas. Na ceci jitar, wannan gaskiya ne, amma tausayin Inna ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Na shiga ɗaki na fita, na sake shiga, sai na tuna da ledar. Na zazzage jaka na ɗauko maratayin na kai mata.

Na ce, "Inna, wagga hwata ta. Hwata kam tana son mai."

Ta karɓa ta sunsuna. Ta daɗe a haka. Sannan ta shimfiɗa ta a cinya, ta lakato mai, ta fara bi daga wannan baki zuwa wancan, a hankali. Da ta gama ta ce in cire ta robar in mayar da wannan. Na mayar.

"To kaɗa mu ji, tun da ka ce ta gyaru."

Na rataya na fara wani kiɗa da yayana ya fi so, wanda yake yi da yamma in ya dawo daga gona. Ban yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Ba haka wancan ka yi nan wurin ba. Shi sauka shikai, kai ko hawa kakai."

Ta rera mini wurin da hanci, ƙasa ƙasa, daidai ba kuskure. Kiɗan da ta yi shekaru tana cewa yana sa mata ciwon kai. Na gyara yatsuna na bi ta, idona ya cika, na sunkuyar da kai don kada ta gani ta ji kunya.

Daga ranar muka raba aiki. Jita tawa ce da ƙyallena da 'yar kwalbata, maratayi nata ne da man shanunta, in ta shafa sai a shanya shi ya tsotse kafin a mayar, kuma muka canja ƙusa zuwa inda kiyashi ba sa bi. Haka muka yi har Allah ya karɓi abarsa. Har ta koma ga Mahaliccinta ban ji sunan yayana a bakinta ba.

Yanzu in matasa suka tambaye ni abin da za su saya don kula da jita, ina gaya musu abin da na koya da wahala: wanke hannu, ƙyalle mai laushi bayan kowane kiɗa, mai kaɗan na wuya, kuma duk abin da za ka gwada ka fara a baya. Ban taɓa ce wa kowa ya sa man shanu ba. Amma duk Juma'a nakan cire maratayin nan in ɗora a cinya. Matata ta gaji da tambayar dalilin da ya sa rigunana duka suke da tabon maiƙo a kafaɗar hagu. Ta gwada sabulu iri iri bai fita ba, ni kuma ban taɓa taya ta neman wanda zai fitar ba.