Sunan Inna a Ƙarƙashin Zabin Bango

Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta fi shekara hamsin tana zanen bango a Darini. Da an gama yaɓen ɗaki, tun ƙasar na ɗanya, za ta naɗe hannun riga ta shiga aiki da yatsu uku. Farar ƙasa, jar ƙasa da gawayi su ne kayan aikinta. Zabi ta fi so. Za ta jero su a bango, kowace da irin tafiyarta, har ka ga mai faɗa a cikinsu. Daga garin Tsaskiya ma ana zuwa ɗaukarta a babur.

Shekarar da idonta ya fara rauni, wasu malamai biyu suka zo daga birni da kyamara, wai suna tattara tarihin zane. Inna na gona, ni kaɗai suka tarar. Suka yi ta ɗaukar bangon zaurenmu suna "kai, kai!" Sai ɗaya ya juyo ya ce, "Malama, wa ya yi wannan?"

Na ce, "Inna ce."

"Sunanta fa?"

Jama'a, ni da nake surukarta, da wane baki zan kama sunanta? Na sunkuyar da kai ina wasa da gefen mayafi. Bahaushe ne fa shi ma, ya san abin da ya hana ni! Taku ashirin zai yi ya tambayi maƙwabta. Ina! Ya duba agogo, suka shige mota.

Bara Inna ta rasu, damina kuma ta kayar da zauren. Bana 'yata Ramlat da ke karatu a Katsina ta kira ni, ta ce an baje hotunan zane a wani babban ɗaki, har da zabin kakarta. Na hau mota na je. Ga hotunan Turawa masu zane, kowa da sunansa, har ranar haihuwarsa. Ga na Inna, an rubuta a ƙasa: "Ba a san mai zanen ba."

Raina ya ɓaci. Ba a sani ba, ko ba a tambaya ba? Na ce wa mai kula da wurin, "Ni na san ta. Turai Barau ce, daga Darini." Shekara ashirin da shida ina gidanta, ran nan ne sunan ya fara fita daga bakina, kuma wallahi sai da na ji kamar na yi mata rashin kunya.

Mutumin ya ce sai na kawo takardar shaida.

Na buɗe jaka na ciro fensirin kwallina. Yana ta "Hajiya, ba a taɓawa!" ni kuwa na soke layin nasu, na rubuta sunanta da manyan baƙaƙe.