Fim Biyu da Ka Bar Mini, Malam Aminullahi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairun 2025, ajali ya riski Malam Aminullahi Zariya, mai shagon buga takardu a Kubwa, bayan gajeriyar jinya.

Malam, lokacin da na fito jami'a da digirin injiniyan lantarki, na ƙudiri aniyar ƙera allon da zai sarrafa famfon sola na manoman rani a Paikon Kore. Hakan kuwa ba ya tabbata sai an buga zanen hanyoyin wuta a kan fim, wato ledar nan da ake hango hannu ta cikinta, a ɗora bisa allon jan ƙarfe mai shafen magani, rana ta haska. Ilahirin masu firinta sun juya mini baya, suna tsoron leda ta narke musu a inji. Kai kaɗai ka yi jarumta, ka ce, "Injiniya, in ta narke, ni da kai za mu narke."

Ƙa'idarka ba ta sauyawa: baƙin bugu ɗaya bai isa ya tare haske ba. Sai ka buga biyu, ka ɗaga su sama a ƙofar shago, ka daidaita layi bisa layi, sannan ka manne.

Fim biyun ƙarshe ka buga su, amma ciwo bai bari ka haɗa ba. Ranar sadakar uku Malama Zulai, mai ɗakinka, ta miƙo mini su, ta ce, "Oganka ya ce kar a naɗe." Shago a kulle, allo ɗaya ya rage mini, tattasan mutane kuma ya soma yaushi. Mai unguwar Paikon Kore ya riga ya faɗa mini ƙarara: in wannan ya gaza, su da ni sai a lahira. Wajen haɗa fim ɗin, kaucewar da ba ta kai silin gashi ba, ta isa ta haɗe hanyoyin wuta biyu, famfo ya ƙone.

Na tsaya a ƙofar shagonka, inda ka saba tsayawa, na ɗaga su. Hawaye yana rarraba layukan. Na goge, na sake, har biyu suka zama ɗaya.

Jiya da hantsi famfo ya tashi, ruwa ya kwarara a Paikon Kore.

Ya Allah, Ka sanya kowane ɗigo a mizaninsa, Ka haskaka makwancinsa, Ka gafarta kurakuransa. Malama Zulai da 'ya'yansa, Khairat da Amir, Allah Ya ba ku dangana, Ya albarkaci bayansa. Amin.