Ƙafafun Mai Jita

Mai Jita ya tsufa a kan benci guda, a ƙarƙashin gadar sama, kusa da tashar bas. Da can shi ma direban bas ne. Da idonsa ya yi rauni aka sallame shi, sai ya sauko da jitar da ya rataye tun yana saurayi. Bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Yakan ce shi aiki ya fito, mai so ya tsaya ya ji.

Wata rana wata mai zane ta nemi izinin zana shi. Ta yi ta zuwa da 'yar kujerarta, tana zama ƙasa-ƙasa a gabansa. Shi kuwa kullum sai ya gyara gemu, ya sa rigarsa ta fita kunya, ya ɗaga haɓa. Bai taɓa cewa ta nuna masa ba, kada a ce ya ƙagu.

Da aka gayyace shi wurin nuna zanen, babu wanda bai gaya wa ba. Ya tafi da matarsa da 'yarsa da mijinta, wanda dama bai taɓa sakin jiki da wannan sana'ar ta kiɗa ba.

Zanen ya kusa cinye bango. Babu fuska, babu riga, jitar ma gefenta kawai ya fito. Ƙafafunsa ne. Takalmin ƙafar dama ya wage baki, babban yatsa ya leƙo ta hudar safa, ga wayar da ya ɗaure tafin da ita, har tsatsarta an fitar. Ƙafar ta ɗan ɗagu, tana shirin buga ƙasa.

Mutane sai yabawa suke yi. Surukin ya dubi zanen, ya dubi ƙasa. Takalmin nan ne dai a ƙafar tsohon, an goge shi kawai.

"Baba, ai da ka faɗa mana ba ka da takalmi," in ji surukin a hankali.

Matar tsohon ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Malam, sai ka ce ba ka da mai ɗinke maka safa a gida."

Mai zanen ta iso tana fara'a. "Baba, a nan kiɗanka yake. Daga tsallaken titi na fara hango ƙafar nan, tun ban ji jitar ba."

Ya ce mata ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Sannan ya tambayi hanyar banɗaki, ya shiga ya tsaya, har sai da 'yarsa ta zo ta ƙwanƙwasa.

Washegari surukin ya aiko da sabon takalmi. Tsohon ya karɓa ya yi godiya, duk da takalmin yana matse masa ƙafa. Ya koma kiɗansa, amma yanzu ƙafafun a naɗe suke can ƙarƙashin benci, ba sa motsi. Wasu da suka ga zanen sukan zo nemansa, su tsaya su sunkuya suna leƙe. Shi kuma sai ya kau da kai ya yi kamar yana gyara tsirkiyar jitar, har su gaji su wuce.