Rigar Wilner Ta Fito Daga Leda

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Wilner, mutumin Haiti, kuma ban taɓa kewarsa kamar bana ba.

Tare muka yi aiki a wata masana'antar roba a Jidda, shi yana gyaran injina, ni ina kula da sito. 'Yan Nijar ɗinmu ne suka jawo shi da Faransanci, har ya iya Hausar da za ta ishe shi gardama. Gardamarsa kuwa ɗaya ce, ƙwallon Brazil. Duk ranar da za su buga, da rigarsu ruwan ɗorawa yake zuwa aiki. Na sha tsokanarsa: "Kai ba ka da ƙasa ne, sai aro?"

Wata rana bai yi dariya ba. Ya ce a unguwarsu can Haiti rabi Brazil ne, rabi Ajantina, har bango ake fentawa. Ba wuta, ba ruwan famfo, amma za a kewaye talabijin ɗaya a ga baƙaƙe irinsu suna ɗaga kofi. "Malam Sani, mutum yana so ya ci ko sau ɗaya ne." Sai ya nuna mini wata shuɗiyar riga a ledarta, ta Haiti. Ya ce sai ƙasarsa ta koma gasar cin kofin duniya zai sa. Na ce asu zai riga shi. Maganar nan har yau tana ci mini rai.

A bakin aiki zuciyarsa ta tsaya. Aka tura gawarsa gida, rigar ta saura a wurina.

To ga shi Haiti ta samu gurbi, alhali ko wasa ɗaya ba ta buga a gida ba saboda 'yan bindiga. Aka kuma haɗa ta rukuni ɗaya da Brazil! Da yana nan da na ga yadda zai yi da riga biyu.

Na nemi 'yarsa Nadiya don in aika mata. Ta ce sun gudu daga unguwar, ba inda saƙo zai same su. "Baba, ka sa ta a madadinsa kawai."

Ranar Juma'a na sa ta, ta matse ni, na tafi shan shayi unguwar Aziziyya, nan Jidda. Wani Bahaushen Sudan ya dube ni ya ce, "Ya Sani, esh hada, mene ne wannan? Ba ka da ƙasa ne?"

Na ce masa aro ce, mai ita ya jira bai samu sawa ba.