Na Je Karɓo Fadamata a Toranke

Kademi zuwa Gaya

Na fito daga Kademi ana idar da sallar asuba, ko kunu ban sha ba. Labari ya iske ni cewa masu aikin hanya sun miƙe rafin Toranke, kuma Sabo, maƙwabcin gonata, ya sa fartanya a fadamar da na gada wurin mahaifina. Tun zamanin iyayenmu rafin ne iyaka: abin da ke cikin gwiwarsa, inda ya lanƙwasa, namu ne, hayi na su Sabo. Da aka yanke gwiwar, sai gonata ta wayi gari a hayin Sabo.

Na samu lorin gyaɗa. Shekarar ce aka ce motoci su koma hannun dama. Direba ya leƙo ya ce, "Iya, riƙe da kyau, yanzu dama muke bi."

Na ce, "Hanyar da mota ɗaya ke bi a wuni, wa kake kauce wa?"

A bakin Gaya ɗan sanda ya buɗe ƙwaryata, ya shaƙi daddawa, ya sallame mu da sauri.

Gaya zuwa Ajingi

Sai bayan azahar mota ta cika. Na sauka gidan ƙanwata Ladi, ta kawo tuwon dawa da miyar kuka tsura. Na ce ina kifin da aka san gidan nan da shi?

"Wane kifi, Yaya? Gurbin da ake su a Toranke ya ƙafe. Yanzu ruwa ya zo da safe, kafin la'asar ya wuce, ko sallama ba ya yi."

Toranke

Washegari na taka da ƙafa, na isa da hantsi. Ga rafi ɗoɗar kamar an ja zare, ga sabuwar gada a kai. Shugaban leburori na zaune a inuwar katafila. Na tambaye shi laifin da rafin ya yi.

Ya ce, "Iya, kwana-kwana ya yi yawa. Da mun bar shi, gada biyu za a gina. Kuma yanzu ruwa ba zai ƙara kwana a gonakinku ba, wucewa zai yi da gudu."

"Mu muka ce maka muna gaggawa? Kwanan da yake yi a gona shi ne abincinmu."

Ya ce haka aka zana a Kano. Na ce a gaishe da mai zanen, da alama a famfo ya san ruwa.

Ƙasa da gada na ga inda gudun ya sauka. Ya ɓare gaɓa, ya cinye rabin gonar wani, mangwaro na tsaye saiwoyinsa a waje. Wani Bafulatani yana ta zagaye da shanu, ya rasa inda za su gangara su sha.

Na iske Sabo a ƙofar gida. Na taho da magana cike da baki, har na shirya zuwa gaban alƙali. Kafin in gama gaisuwa ya ce, "Yaya Dije, fadamarki ce. Ni na bar miki, duniya da lahira."

Sabon da na sani, ko karan dawa ba ya bar wa mutum. Na ce mu je in gani.

Muka je. Tsohon rafin ya zama kwari busasshe, sai yashi da kashin awaki. Raken da Sabo ya dasa ya tsaya iya gwiwa ya mutu. Na leƙa rijiyar da mahaifina ke jan jigo don ban ruwa, wadda a da ake ɗiba da hannu, na jefa dutse. Ƙura ce ta amsa.

Na ce, "Ashe shi ya sa ka yi kirki."

Ya ce, "Wallahi Yaya, irin rakena ma ban mayar ba."

Komawa gida

Na iso Kademi da magariba a rana ta uku. 'Ya'yana suka tare ni: "Inna, an samu?" Na ce an samu, ba alƙali ba rantsuwa, wanda ke da gini ya je ya ɗebi yashi. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Ladi da tuwonta. Masu katafila kuwa, Allah ya sa kada su gano hanyar rafin Kademi.