Yatsu Uku na Igiya

Ni mutumin Gwandu ne. Ba zan faɗi sunana ba, domin akwai jikokina da suke amsa shi, su kuwa ba su cuci kowa ba. Ina ɗan shekara bakwai ko takwas Nasara suka shigo ƙasarmu. Mahaifina malamin zaure ne, mahaifiyata Bafillata ce daga wata ruga a bayan Ceberu. Ban tashi cikin yunwa ba, ban kuma rasa mai kwaɓa ta ba. Na fara da wannan ne don kada wani yaro ya karanta labarina ya ce talauci ne ya sa ni.

Da na sauke Alƙur'ani na bi fataken goro zuwa Gwanja, daga can Kumashi, daga bisani jirgin ruwa ya sauke ni a Ikko. Fillanci a nono na tsotse shi, Zabarmanci a hanya na tsince shi, na iya Tonancin mutanen Kumashi da Yarabanci, da Turanci gwargwadon na wurin aiki. A Kumashi na fara riƙe sifana, a Ikko na ƙware a gyaran mota. Wuraren biyu ba ɗaya ba ne. A Kumashi idan noti ɗaya ya ɓace, maigidanmu yakan tsayar da aiki har sai an tono shi daga ƙasa. A Ikko ba mai tambaya, sai a ɗauko wani. A can na fara jefa noti a aljihu. Daga noti sai gwangwanin fetur, daga nan sai sifana sukutum. Ban taɓa kiran abin sata ba. Tsintuwa nake ce masa.

Na dawo gida a lokacin da manyan motoci suka fara ratsa ƙasar Kabi. Wani madugu da ya gaji da jakuna ya sayi ɗaya, tana ɗaukar shinkafa da fatu da mutane tsakanin Gwandu da Kalgo. Ya ɗauke ni mai gyara. Direban kuwa Hammadi ne, ɗan kawuna, wanda ya koyo tuƙi a Zariya. Taubasai muke, saboda haka bakinmu ba ya hutawa. Yakan ce, "Ɗan Goggo, ka iya harshe biyar, amma ko ɗaya ba ka faɗin gaskiya da shi." Ni kuma in ce, "Bafillacen da shanu sunka kora, shi ne anka ba mota." Mutane su yi ta dariya.

A ƙarƙashin motar akwai faffaɗan ƙarafa jere bisa juna, waɗanda ke ɗauke da nauyinta. Su ake kira sifirin. A Ikko na ga ana ɗinka musu rigar fata don kada yashi ya ci su. Mu da ke ƙasar shanu sai na yi dabara, na riƙa naɗe su da ɗanyen ƙirgi, idan ya bushe ya kame kamar ƙarfe. Madugu ya yaba ƙwarai. Ban san na ɗinka wa kaina wurin ɓoye laifi ba.

Akwai wani maƙeri a Kalgo, sunansa Gado. Wata rana na ba shi guntun sifirin da ya karye. Ya ƙwanƙwasa shi a uwar maƙera, ya kasa kunne, ya ce, "Wanga ba ƙarfe ba ne, sarkin ƙarfe ne." Ya ƙera aska da wuƙaƙe, wanzamai da mahauta suka yi masa caa. Duk zuwanmu Kalgo sai ya tare ni: "Babu saura?" Babu saura kuwa, sai wanda ke jikin mota.

Na yi mako biyu ina juya abin a zuciyata. Daga ƙarshe na kai wa Gado awo, na ce ya ƙera mini faffaɗan ƙarafa biyu da ƙarfen tama irin na fartanya, wai zan yi madogarin ƙofa. Wata Juma'a na ce cikina na ciwo, kowa ya tafi masallaci. Na ɗaga motar, na yanke ƙirgin ƙafar gaba ta hagu, na zare ƙarafa biyu na gaske, na cusa na tama, na shafe su da baƙin mai, na naɗe da sabon ƙirgi. Ina ɗaure kusar tsakiya, wadda ke riƙe ƙarafan wuri ɗaya, ina jin kabbarar masallata daga nesa. Na kai wa Gado na gasken na ce na wata matacciyar mota ne. Abin da ya ba ni, rawani na saya da shi.

Ƙarfen tama ba ya lanƙwasa ya dawo. Idan ya lanƙwashe ya zauna ke nan. Ba a yi wata guda ba Hammadi ya sauko daga mota yana murza kafaɗa, ya ce, "Ɗan Goggo, motag ga tana jan hagu. In na sassauta hannu kaɗan sai ta nufi daji."

Na ce, "Ko dai kai ka karkace? Tun kana yaro tafiyarka ba ta miƙe ba."

Ya yi dariya, amma bai bar maganar ba. Ya ce shi ɗan makiyaya ne, kuma bai taɓa ganin saniya ta riƙa karkata gefe ɗaya ba sai in akwai abin da ke mata ciwo a wannan gefen. Sai ya shiga bin abin ɗaya bayan ɗaya, yadda ni da kaina na koya masa. Ya ƙara wa tayar hagu iska, motar ta ci gaba da ja. Ya musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama, bai canza komai ba. Ya sauke kaya duka ya sake jera su daidai, kamar mai gyara mangala a bayan jaki. Ya yi tafiya mai nisa ya tsaya ya dafa ƙafafun da tafin hannu, ko birkin gefe ɗaya na kamawa ya yi zafi, ya ji su ɗaya. Har fili ya kai ta, wai ko hanyar ce ta karkace. A filin ma hagu ta nufa.

Ina tsaye ina kallonsa duk kwanakin nan. Na san abin da ya faru. Ƙarafan tama sun saki, kusar tsakiya ta soma cinyewa, ƙafar hagu ta ja da baya. Da na ce a yanke ƙirgin, aikin yini ɗaya ne. Amma duk wanda ya yanke shi zai ga abin da ke ciki. Sai na shiga yaɗa wata magana a tasha, cewa masu jakunan da mota ta ƙwace wa sufuri ne suka yi mata sammu. Madugu ya yarda, ya sa aka rataya laya a jikin sitiyari.

Hammadi bai musa ba, amma da safe ya zo da igiya. Ya ce, "Laya tana nan, Allah shi amfana. Saura awon da ka ce Bayaraben maigidanku na Ikko na yi." Awon kuwa shi ne a ja igiya daga cibiyar ƙafar baya zuwa cibiyar ƙafar gaba, a gefen dama, sannan a gefen hagu. In tsawon bai zo ɗaya ba, wata ƙafa ta gusa. Aikin mutum biyu ne, kuma dole wanda ke gaba ya yarda da wanda ke baya.

Na riƙe bakin igiyar a ƙafar baya ta dama. Ya ja ta zuwa gaba, ya ƙulla alama. Muka zagaya hagu. Na durƙusa, na ba shi baya kaɗan, na naɗe igiyar a yatsuna, kimanin faɗin yatsu uku. Ya ja. Ƙullin ya sauka daidai kan cibiya.

Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ka riƙe da kyau?"

Na ce, "Mi ka ɗauke ni? Makaho?"

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya ce, "To, lafiyarta lau. Hannuna ne ya yi sanyi. Sai in ƙara cin tuwo."

Kwana tara bayan haka, ranar kasuwa da hantsi, muna gangarawa fadamar da ke kusa da Kalgo, inda aka ɗaga hanya sama da gonakin shinkafa. Ƙafar hagu ta faɗa wani ɗan rami, na ji kusar ta ce ƙas. Na san ƙarar. Hammadi ya rungume sitiyari da ƙirjinsa yana murzawa dama, yana kiran sunan Allah, motar ta ƙi. Ni da ke bisa kaya aka wurgar da ni cikin laka, ko ƙwarzane ban yi ba. Wata dattijuwa mai sayar da busasshen kifi, da buhuna suka danne, a nan ta cika. Hammadi kuwa sitiyari ya murƙushe masa ƙirji.

Ya kwana biyu a wani gida a Kalgo. Mutane a waje suna cewa gudu ya yi, wai Fulani ba su san linzamin ƙarfe ba. Yana jin su. Rana ta biyu da la'asar ya kama hannuna, wannan hannun da ya naɗe igiyar, ya ce, "Ɗan Goggo, ai mun auna tare. Mota ba ta da laifi, ni na kashe tsohuwag ga. Ka roƙa mini ɗiyanta gafara." Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ƙaddara ce." Kafin magariba ya rasu.

Ba wayon kowa ne ya kama ni ba. Gado ya je kallon motar kamar sauran jama'a. Ƙirgin ya yage, ƙarafan suna waje a lanƙwashe. Ya ɗauki ɗaya, ya ga sawun masabarsa. Ya tafi wurin alƙali da ƙafarsa, yana kuka, ya ajiye ƙarfen da sauran wuƙaƙen. Da aka tambaye ni na amsa komai, har igiyar, wadda ba wanda ya san da ita.

Shekara bakwai na yi a gidan yari. Na fasa dutse, na ɗauki bahaya a ka, mari ya ci ƙafafuna har yau akwai tabo. Na zauna da ɓarayi Zabarmawa da Yarabawa da Fulani, ni ke yi musu tafinta. Na lura da abu ɗaya: kowanne, da harshensa, yana da wani suna mai laushi da yake kiran abin da ya fara ɗauka. Mahaifina ya rasu ina ciki. An ce bai ƙara zama a zaurensa ba.

Da aka sake ni na fara zuwa wurin 'ya'yan dattijuwar, suka ce sun bar ni da Allah. Sannan na tafi ruga. Kawu ya tsufa, idonsa ya tafi. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne. Sai ya ce, "Abu guda nika son sani. Kafin shi cika, ya san ba laifinsa ba ne?"

Na ce, "Bai sani ba, Kawu."

Ya ce, "Ƙarfen na yafe maka, kwaɗayi ne. Wannan kuwa ba nawa ba ne balle in yafe. Sai kun gamu."

Na tuba, ina kuma kan tuba. Na koma gyaran mota, na yi shekaru masu yawa a kai, ban ƙara naɗe wani abu da mai shi ba zai iya buɗewa ya gani ba. In za a yi awo, nakan ba direba bakin igiyar, in kira wani ya tsaya a kaina.

Ku samari, musamman masu koyon sana'a, ku ji daga wanda ya gani. Ranar da kuka samo wa sata wani suna, ranar kuka fara. Idan aka ba ku amanar abin da ke ɓoye, ku tuna akwai rai a bisansa. Idan kuma kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun mai jin yana da rai. Kunyar yini ɗaya na guje wa. Yanzu na haura tamanin, kullum ina roƙon Allah gafara, ina kuma shirin gamuwa da Hammadi, in gaya masa hannunsa bai yi sanyi ba.